Makullin da Ruwan Teku Ba Ya Kashewa

A wata Asabar ta ƙarshen Oktoba, wani likita ɗan asalin Zariya da ke aiki a yankin Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, ya fito daga teku a gaɓar Fistral ta garin Newquay, allon sululu a hammata, 'yarsa mai shekara tara tana biye da shi. Wata biyar ke nan da ya fara koyon hawa igiyar ruwa, wasan da mutanen yankin ke yi bazara da hunturu cikin matsattsiyar rigar roba mai tsare ɗumin jiki. Da suka isa wurin ajiye motoci ya ja hannun ƙofa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya zaro makullin daga aljihun rigar, inda ya ƙulle shi cikin leda tun da safe, sai ya ga ruwa kwance a gindin ledar.

Waya, tawul, kayan sawa da walat duk suna cikin motar, yana hangen su ta gilashi. Iska tana kaɗowa daga teku, haƙoran yarinyar sun fara haɗuwa. "Abba, yaushe za mu shiga?" in ji ta. Aikinsa ya sanar da shi cewa jikin yaro ya fi na babba saurin zubar da zafi, musamman idan yana jiƙe kuma iska na bugun sa. Ya kai ta wani shagon shayi da ke kusa, ya ari waya, ya kira masu taimakon motocin da suka lalace a hanya.

Makaniken da ya zo bai ɗauki minti biyar ba. Ya danna wani ɗan maɓalli a gefen makullin, ya zaro siririn ƙarfe daga cikinsa, ya ɓamɓare murfin roba a hannun ƙofar direba, sai ga ramin makulli. Da ƙofa ta buɗe, ya manna mataccen makullin a jikin maɓallin tayar da mota ya danna, inji ya tashi. Shekara uku likitan yana tuƙa motar bai san da ƙarfen ba, balle ramin.

Abin da ya koya a ranar shi ne makullin mota na zamani abu uku ne a gida ɗaya. Na farko ƙarfen da aka yanka, wanda ke juya kwaɗon ƙofa kamar yadda aka saba tun da. Na biyu rimot, mai aika saƙo ta zangon rediyo, galibi megahaz 433 a Turai da 315 a Amurka, kuma yana dogara da ɗan batir mai kamar kwabo, sau da yawa samfurin CR2032. Na uku wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta buƙatar batir: zoben waya da ke kewaye da ramin makulli ko maɓallin tayarwa shi ke ba ta wuta idan ta matso, ita kuma ta mayar da lambar sirri ga kwamfutar motar. Idan lambar ba ta zo ba, inji ba zai tashi ba ko da ƙarfen ya juya. An wajabta wannan na'urar hana sata a sababbin motoci a Jamus da Birtaniya a 1998, a Ostireliya a 2001, a Kanada a 2007.

Cikin ukun nan, rimot ne ya fi rauni a gaban teku. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, don haka yana haɗa hanyoyin wuta da bai kamata su haɗu ba, batir kuma yana hanzarta tsatsa. Ko ruwan ya bushe, gishirin yana nan yana ci. Shi ya sa idan makulli ya jiƙe, abin yi shi ne a cire batir nan take, a ɗauraye allon da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe sarai kafin a sa sabon batir. Tura shi cikin shinkafa ba ya fitar da gishiri.

Leda kuwa tsoro ne ya kai shi ga ita. A farkon zuwansa yakan ɗora makullin a kan taya, kamar yadda ya ga wasu na yi, har malamin da ke koya masa ya ja masa kunne: nan ne wurin farko da ɓarawo ke laluba, bayan ya zauna ya kalli mai mota ya yi nisa cikin ruwa. Motar da ke buɗewa da kusantar makulli ta fi haɗari, domin makullin da ke kan tayarta tamkar yana hannun duk wanda ya ja ƙofa ne.

Ranar Litinin ya je wurin mai yanka makullin mota, wanda ya jera masa hanyoyin da masu wasan ruwa ke bi. Akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi da ake maƙalawa a ƙugiyar jan mota. Akwai jakar da ruwa ba ya ratsawa, wadda ake gane ingancinta ta lambar da ke jikinta: IPX7 na nufin ta jure zurfin mita 1 na minti 30, IPX8 kuma ta jure fiye da haka gwargwadon abin da kamfanin ya bayyana. Mai awa biyu yana faɗuwa cikin igiyar ruwa ba zai dogara da ta farkon ba. Wasu kamfanoni sun fito da nasu maganin: a 2016 Jaguar ta fitar da motar F-Pace tare da wani abin ɗaurawa a hannu da ruwa ba ya yi wa illa, wanda ke kulle motar ya kuma kashe aikin makullin da aka bari a ciki. Mai motar da ake zira wa makulli a juya yana da sauƙi: a yanka masa makulli mai ƙwayar lantarki amma marar rimot, a haɗa shi da kwamfutar motar, ya bar babban a gida. Ƙwayar a rufe take ruf, wanka ba ya damun ta.

Mafi arha a cikinsu shi ne ƙarfe zalla, ba ƙwaya ba batir. Yana buɗe ƙofa, ba ya tayar da inji. Masu amfani da shi sukan ɓoye ainihin makullin a cikin mota, a jakar da aka saƙa da zaren ƙarfe don toshe zangon rediyo, dabarar da ta samo asali daga gwajin Michael Faraday na 1836. In babu jakar, motoci da yawa ba sa yarda su kulle alhali suna jin makullinsu a ciki. Wasu kuma ƙararrawarsu kan tashi idan an buɗe su da ƙarfe, saboda haka a ƙofar gida ake gwaji, ba a bakin teku ba.

Likitan ya kusa tsayawa a kan wannan, sai ya ɗauko takardar inshorarsa ya karanta. A ciki ya tarar da sharaɗin da ya zama ruwan dare a Birtaniya: kamfani ba ya biyan diyyar sata idan an bar makulli a cikin mota ko a jikinta. Sharaɗin na iya shafar akwatin ƙarfen, ya kuma shafi makullin da aka ɓoye ƙarƙashin kujera. Dabarar da za ta tsare makulli daga ruwa tana iya jawo asarar motar ɗungurungum.

A ƙarshe ya raba ayyukan biyu. Sabon rimot yana shiga jaka mai lambar IPX8, wadda yakan gwada ta hanyar sa takarda a ciki ya nutsar a bokiti, sannan ya rataya ta ƙarƙashin rigar roba. Ƙarfen da aka yanka masa yana ɗaure da igiya dabam a aljihun rigar. Idan jakar ta yoyo ko teku ta tafi da ita, ƙofa za ta buɗu, waya da tawul da busassun kaya suna hannu, makulli na uku kuma yana gida wurin uwargida. Da tsohuwar zuma ake magani: abin da ya fi komai tsufa a cikin makullin shi ne wanda gishiri bai iya kashewa cikin awa biyu.

Yarinyar ba ta daina bin sa teku ba. Sai dai yanzu, kafin su taka yashi, takan miƙa hannu ta taɓa igiyar, ta tabbatar ƙarfen yana nan.