A Kado, Sabon Yaro Ne Alƙali

Mu 'yan kasuwar Kano akwai wani ɗan raini da muke yi wa Abuja. A wurinmu gari ne na masu rungumar fayil da masu jiran kwangila, inda ake kashe kuɗi, ba inda ake nemansu ba. Tun da Janar Murtala ya yanke shawarar gina ta a 1976, aka kuma tare a watan Disambar 1991 zamanin Janar Babangida, mutanenmu suke zuwa su sauke kaya a Wuse ko Dei-Dei su juya gida. Da wuya ka ji wanda ya ce ya koyo wata dabarar ciniki a can. To, wanda duk yake da wannan ra'ayi ya daure ya je unguwar Kado.

Aikina riƙe lissafin wani shagon sari ne a Kasuwar Singa. Ɗan yayata kuma akanta ne a wani kamfanin da ke sayar da kifin ƙanƙara a Kado, shi ya dame ni da in zo in ga wani gwaji da suke yi. Na bi mota ta Zariya zuwa Kaduna, na shiga jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016 daga Rigasa, muka ratsa Rijana da Jere da Kubwa, na sauka a Idu. Daga tashar zuwa Kado ba wata tafiya ba ce.

Unguwar tana zaune ne tsakanin Jabi da Jahi da Gwarimpa da Life Camp. Ta wani ɓangaren ga Tafkin Jabi, ta wani ga babban titin Ahmadu Bello da cibiyar taro ta rundunar sojin sama, sai rukunan gidaje masu doguwar katanga da shuke-shuke. Idan ka kutsa ta bayansu sai ka faɗa tsofaffin matsugunan Gbagyi, waɗanda birnin ya zo ya tarar, da masu shayi da masu gyaran babur. Amma abin da ya fitar da sunan Kado shi ne kasuwar kifi. Ka je da sassafe ka sha kallo. Ga tarwaɗa da ranta tana watsal-watsal a manyan robobi, ga karfasa, ga katan-katan na titus da fanla ana sauke su daga motoci masu firji. Matan gidajen abinci da masu sayayyar otal-otal suna ta taya, ana mayar musu da Hausa da Yarbanci da buroka, wani lokaci duk a baki ɗaya. Kifi kaya ne da ba ya jiran kowa. Idan ƙanƙara ta saki, jari ya tafi, saboda haka mutanen wurin ba sa wasa da lokaci, ba sa kuma wasa da lissafi.

Kamfanin da ɗan nawa yake aiki yana da ɗakin sanyi da sito da kashiyoyi. Mai shi wata Hajiya ce, dattijuwa mai ƙarancin magana. Ta ce da ni ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, shi ya tilasta musu mayar da komai cikin kwamfuta. Ciniki ya koma na tiransifa da POS, littafi ya kasa ɗauka. Suka sayi manhajar lissafi, sai kuma wata matsalar ta ɓullo, wadda ni ma na san ta sarai. Ma'aikata ba sa zama. Ɗan bautar ƙasa shekararsa ɗaya ya wuce, wata ta yi aure, wani ya sami aikin banki. Duk wanda ya zo sai an zaunar da shi an koya masa yadda ake buɗe rasit, da shigar da kaya, da rubuta bashi, da rufe lissafin rana. A shagonmu akwai lokacin da yaron da ya iya manhajar ya tafi gida biki, muka koma biro da takarda har ya dawo.

Maganin da duniya ta fito da shi shi ne wasu manhajoji da aikinsu haɗa darasi da kansu. Akwai waɗanda ake kunnawa mutum ya ci gaba da aikinsa, su kuma suna ɗaukar hoton duk inda ya danna, in ya gama su jera hotunan da ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne. Scribe da Tango na Amurka irin wannan ne, kuma dabarar ba sabuwa ba ce, don tun 2009 kamfanin Microsoft ya saka wani ɗan abu mai wannan aiki a cikin Windows 7. Akwai masu naɗar bidiyon fuskar kwamfuta, kamar Camtasia da Loom. Kamfanin Synthesia na Landan ma har mutum yake ƙera maka da ƙirƙirarriyar basira, ya tsaya yana karanta abin da ka rubuta. Sannan akwai manya, irin su WalkMe da Whatfix, waɗanda ke zama a cikin ita kanta manhajar aikin suna nuna wa ma'aikaci inda zai danna yayin da yake tsaka da aiki. Don a san cewa harkar ba ƙarama ba ce, a 2024 kamfanin SAP na Jamus ya sayi WalkMe a kan kusan dala biliyan 1.5.

Duk wannan ana iya karanta shi a intanet daga Kano. Abin da sai an je Kado ake gani shi ne yadda Hajiya take tantance su.

Ba ta kallon bidiyon tallar da masu manhajar suka shirya. Ta ce, "Malam, wanda ya haɗa talla ya zaɓi aikin da ya fi sauƙi ne. Ni mai wahalar nake ba su." Aikin da ta zaɓa kuwa shi ne wanda ya fi rikita kashiyoyinta: mai gidan abinci ta sayi kaya, ta biya rabi ta tiransifa, rabi bashi, washegari ta dawo da katan biyu da suka narke tana neman a cire mata. Ɗan nawa ya yi wannan aiki daga farko har ƙarshe a gaban kowace manhaja, a cikin wani kwafin lissafi na gwaji da aka cika da sunayen bogi. Kowacce ta fitar da darasinta.

Sai aka kira sabon yaro, wanda bai taɓa taɓa manhajar lissafin ba. Aka ba shi darasin a waya, aka zaunar da shi gaban kwamfuta, aka ce bismillah. Doka ɗaya ce: ba mai magana. Ɗan nawa yana tsaye a baya da takarda, duk inda yaron ya tsaya yana sosa ƙeya sai ya rubuta. Na ga bakinsa yana motsi, yana so ya taimaka, Hajiya ta ɗaga masa yatsa. Da aka zo darasi na biyu na ɗauka yaron nan za a sake kira, sai na ga an shigo da wata yarinya daban. Na tambayi dalili.

"Ai shi ya riga ya koya," in ji ta. "Idan ya sake yi ya ci, ban san darasin ne ya koya masa ko tunawa ya yi ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na sha zama da masu manyan takardu a taron bita, ban taɓa jin wanda ya kawo wannan ba. A kasuwar Dawanau ba wanda zai sayi buhun wake bai soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar da idonsa ba, amma mutumin nan zai zuba miliyoyi a manhaja don kawai wani matashi mai kwat ya nuna masa bidiyo mai kiɗa.

Abin da gwajin ya tono ya fi abin da na zata. Darasin hotuna ya fito nan take, tsaf-tsaf, amma yana faɗar inda aka danna ne kawai, ba ya faɗar dalili. Yaron ya bi shi tiryan-tiryan har ya kai inda ake zaɓar ko kayan da aka dawo da su za su koma sito ko za a rubuta su a asara. Nan ya zaɓi abin da hoto ya nuna ba tare da ya san cewa kifin da ya narke ba ya komawa ɗakin sanyi ba. Da a lissafin gaske ne, da kwamfuta ta nuna akwai katan biyun da babu su. Har wani danni da ɗan nawa ya yi bisa kuskure ya koma baya, manhajar ta ɗauke shi ta mai da shi mataki na tara. Hukuncin Hajiya shi ne na'ura ta yi aikin ɗaukar hoto da jerawa, amma dole wanda ya san sana'ar ya bi kowane mataki ya rubuta layi ɗaya na dalili. Lokacin wannan gyaran ma sai da ta sa aka ƙirga a cikin kuɗin manhajar.

Bidiyon mai fuskar mutum ya fi kowanne kyau a ido, sai dai yana shan data, kuma yarinyar ta yi ta tsayar da shi tana mayarwa baya don ta gano wuri ɗaya. Sun gwada sa masa muryar Hausa, tunda yawancin masu lodi da 'yan sito ita suka fi ji. Muryar ta fito ba hawa ba sauka, masu sauraro suka shagala da dariya. Daga ƙarshe wata kashiya 'yar Zariya aka ba waya ta naɗi bayanin da bakinta. Manyan nan masu zama a cikin manhaja kuwa, da aka ji farashi aka san na bankuna ne da kamfanonin sadarwa.

Sauran tambayoyinta na wanda ya san ƙasar da yake zaune ne. Idan aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke, darasin yana buɗuwa? Ana iya fitar da shi a tura ta WhatsApp, ko a buga a takarda? Mai aiki a ɗakin sanyi da safar hannu ba zai latsa waya ba, shi takarda aka yi masa, aka rufe ta da leda aka manna a bango. Idan aka daina biyan kuɗin wata, darussan da aka tara suna hannunka ko sun tafi? Idan manhajar lissafin ta sauya fuska, kamar yadda Odoo ta Beljiyam ke fitar da sabon zubi kowace shekara, hoto ɗaya za a canja ko sai an sake komai daga tushe? Sai batun kuɗi. Yawancinsu da dala ake biya, kowane wata, a kan kowane mai amfani. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Abin da aka ce ɗan kuɗi ne a Amurka, in ka ninka shi da yawan ma'aikata da watanni 12, sai ya kama hanyar albashin mutum guda.

Akwai kuma abin da ni kaina ban taɓa kawo shi a raina ba sai da na ga an yi. Manhajar da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta tana ɗauka ne da duk abin da ke kai: sunan mai saye, lambar wayarsa, bashin da ake binsa. Hotunan kuma suna zuwa su zauna a rumbun wani kamfani a wata ƙasa. Shi ya sa ake gwajin da sunayen bogi, ake kuma duba ko manhajar tana iya shafe wuraren sirri kafin a raba darasi. Ɗan nawa ya ce, "Kawu, tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumarta a nan Abuja." Hajiya ta ce ko ba doka, bashin mutum amana ne, ba za ta bari asirin wata baiwar Allah ya yi yawo a wayoyin yara ba.

Kado ba aljanna ba ce. Haya ta fi ƙarfin ma'aikatan, daga Kubwa da Dutse da Karmo suke sammako, wasu har daga Mararaba. Amma ko wannan an sa shi a lissafi: darussan gajeru ne, ana sauke su a waya da intanet ɗin ofis, mutum ya duba abinsa a cikin mota. Da daddare aka kai ni cin gasasshen kifi, wanda ya cancanci sunan da ya yi.

Abin da ya fi burge ni ba ya cikin kwamfuta. A kasuwanninmu ilimin aiki ɓoye shi ake yi. Yaron da ya iya manhaja ba ya son wani ya iya, don yana ganin ranar da aka iya ranar za a sallame shi, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Hajiya ta gane haka, sai ta juya abin. Duk wanda ya haɗa darasi, sabon ma'aikaci ya bi shi ya gama aiki ba tare da tambaya ba, akwai ladan da take ɗora masa a kan albashi, kuma sunansa na saman takardar. Na ga wani ɗan sito yana nuna wa abokinsa tasa da alfahari. Manhajar da suka zaɓa a ƙarshe mai ɗaukar hotuna ce mai sauƙin kuɗi, suka biya wa mutum biyu kacal, sauran ma'aikata suna karɓar darasi a waya da takarda.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Singa da Kantin Kwari da Sabon Gari shi ne, shaguna da yawa manhajar lissafi iri ɗaya suke amfani da ita, kuma kowa yana fama shi kaɗai. Ku haɗa kuɗi a shirya darussa da Hausa sau ɗaya a raba wa kowa. Kafin ku biya ko sisi, ku nemo yaron da ya fara aiki a makon nan, ku ba shi aikin da ya fi wuya, ku kama bakinku ku ga inda zai tsaya.