Magangarar Ruwa Ta Gurara: A Je Da Damina Ko Da Rani?

Mu mutanen Tafoki da kewayen Faskari mun saba ganin rafi ya cika a watan Agusta, kafin Maris ya koma yashi. Yaranmu da yawa ba su taɓa ganin kogi yana faɗowa daga kan dutse ba. Wanda ke so ya nuna wa iyalinsa wannan abin mamaki, ba sai ya ƙetare Nijeriya ba. Ga Gurara nan a Jihar Neja, cikin ƙasar Gwari.

Daga nan sai a bi ta Funtuwa, da Zariya, da Kaduna, a miƙe hanyar Abuja har mararrabar Diko. Can za a karya a kama hanyar Minna, sai ƙauyen Bonu, inda ake ratsewa. A tambayi lafiyar hanya tukuna, a kuma yi tafiyar da rana.

Tun daga nesa za ka ji rugugi kamar hadari ya taso. Ruwan yana zubowa daga tsawon wajen mita 30, faɗinsa kuwa ya kai mita 200. Bai kamo na Victoria ba, wanda David Livingstone ya gani a 1855 a kan Kogin Zambezi, gama tsawon wancan ya wuce mita 100. Amma namu ma ya isa kallo.

To, ga abin lura, ya ku iyaye. Gurara biyu ce. Da damina ruwan ja ne, mai fushi, feshinsa yana jiƙa duwatsu su yi santsi. Lokacin kallo ke nan daga tudu, hannun yaro cikin naka, kada kowa ya tsoma ko ƙafa. Daga Janairu zuwa Maris ruwa ya ja baya, ya yi garau, rairayi ya fito. Sa'an nan ne ake shimfiɗa tabarma a ci guzuri, a ɗauki hoto, a kalli tsuntsaye. Ko a lokacin ma, kada yaro ya shiga sai inda mutanen wurin suka nuna, gama akwai zurfi a ƙarƙashin duwatsu.

Kafin a juyo gida, a ƙarasa Madalla kusa da Suleja a ga Dutsen Zuma. Ku riƙe tsohuwar takardar naira 100, yara su gwada hoton da dutsen da idonsu.