Waɗanda Suka Jera Duwatsun Adar

Duk wanda ya taso tsakanin Madawa, Buza da Keita ya san tsofaffinmu ba da lamba suke ƙirga shekarunsu ba. A katin ɗan ƙasa an rubuta musu “wajejen 1930” ko “wajejen 1940”, gwargwadon yadda malamin ofis ya dubi fuskarsu ya kintata. Su kuwa da yunwa suke lissafi, da fara, da mutuwar sarki. Wani ya ce maka yana goye aka yi shekarar fara, wato 1931. Wani ya ce yana kiwon awaki aka daina aikin dole na Nasara, wanda aka soke a 1946. Muna yara mun tarar da ƴan ƙalilan da suka ga Kakalaba da idonsu, yunwar 1913 zuwa 1914, kuma ba su ambatonta sai sun nemi tsari. Masu irin wannan amsa sun kusa ƙarewa. Kowane rani sai saƙon murya ya shigo WhatsApp: wane ya riga mu gidan gaskiya, wance Allah ya yi mata cikawa. Sau da yawa ɗan da ke Abijan ne ke fara sanar da ɗan’uwansa da ke Yamai.

Kakana na wajen uba manomin tudu ne. Gonarsa tana bisa fako, inda dutse ya fi ƙasa yawa, kuma tun kafin a ji sunan wani shiri na gwamnati yana jera duwatsu a gicciye don su tare ruwa da laka, abin da mutanenmu ke kira gandari. Amma in ana son a san shi sosai, a rumbunsa za a san shi. Da hannunsa ya gina shi, da laka da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa, yana ɗora layi bisa layi, yana jira kowane ya sha iska kafin ya ƙara wani, har ya tashi da ƙaton ciki da ƙaramin baki a sama. An ɗora gindinsa kan duwatsu saboda gara da danshi. Ba mai hawa tsaninsa sai shi. Akwai ƙaramin rumbu na cin yau da gobe, shi kuwa babban ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da ciki ke bukatar ƙarfi, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Ko da baƙi sun cika gida bai taɓa karya wannan doka ba. In matasa suka matsa masa, abin da yake cewa bai wuce, “Ku ba ku ci anza ba.”

Zancen aikin dole da bodo, wato haraji, ba ya son ya daɗe a kai. Yakan ce an kwashe su sun fasa dutse sun yi hanya, ba lada, abincin ma daga gida ake kai musu, sai ya kawo wata hira. Abin da ke sa shi ya gyara zama shi ne labarin maƙera da na ayari. Ya ga zamanin da maƙeran Adar ke tono tama su narka ta a daji, su kwana suna tsaron wuta har ƙarfe ya fito, kafin tarkacen motoci su cika kasuwa a bar wannan wahala. Wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar a shekarun 1960 har ta ɗauki wannan aiki a fim, kuma da ba don haka ba da yanzu sai dai a ji a baki. Ayari kuwa na Abzinawan Kel Geres ne, mutanen Arzarori da Galma, masu tafiya Bilma da Fashi da raƙuma su dawo da kantun gishiri da dabino su musanya da hatsi. Kowane madugu yana da masaukinsa. Na kakana yakan sauke kaya a ƙofar gidanmu, su yi ciniki ba gardama, mudu da mudu, domin iyayensu ma haka suka yi da juna.

Duk da haka, in aka ce mini in nuna waɗanda ƙasar nan ta fi cin guminsu, matan zan nuna.

Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi, ya share itatuwa, ya tafi da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Ba a gama farfaɗowa ba na 1984 ya zo, wanda ake kira El Buhari, domin a shekarar ce Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, ya toshe hanyar da talakan Adar ya saba bi in damina ta ƙi, sannan a 1985 aka koro baƙi. Maza duk da haka sun fita, kowa ya nufi inda yake jin zai samu. Aka bar mata da tsofaffi da yara. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe gidanmu a lokacin. Ina ganinta har yanzu tana dawowa daga daji da ƙwaryar anza. Ƴaƴan anza ɗaci gare su kamar maɗaci, ba a cin su sai an ɓare, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake wani kwana da kwanaki har ɗacin ya fita. Takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ta yamutsa fuska, ta ce da saura. Ranar da ta tauna ba ta ce komai ba, ranar za mu ci. Da ganyen jiga, da tafasa, da ƙwayar ƙarangiya da ake sussukawa hannu na jini, da su aka kai wasunmu damina.

A wannan shekara ta 1984 aka fara babban shirin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya PAM kuma na biyan ma’aikata da abinci. Wani Ba’italiye, Renato Carucci, shi ya daɗe yana jagorantar aikin, tsofaffin Keita ba su manta da shi ba. Sai dai motocin shirin ba su iya hawa ko’ina, kuma ba su san jera dutse ba. Mafi yawan masu aikin mata ne, tunda mazan ba su nan. Gwaggo tana cikinsu. Da an yi asuba takan dama hura ta zuba a gora, ta naɗe gammo, ta bi sawun ƴan’uwanta zuwa gindin tudu. Wasu da goyo a baya. A gangaren tudu suna haƙa ramuka da diga, layi bayan layi, kowane rami a dasa itace ɗaya a cikinsa don ruwan da ya gangaro ya tsaya ya shayar da shi. A kan fako suna tayar da kunyar ƙasa su lulluɓe ta da dutse. A cikin ƙorama suna cika ragar ƙarfe da duwatsu don a karya ƙarfin ruwa. Dutsen nan duk a ka aka ɗauko shi, ko aka miƙa shi hannu da hannu. Lada shi ne hatsi da man girki da ɗan abin da ya samu, kuma wannan ladan ne ya hana garuruwa da yawa watsewa.

Tafin hannun Gwaggo ya yi kanta har ba ta jin zafin garwashi. Takan ɗauko shi da yatsu ta sa a kaskon turare tana magana da kai. Gashin tsakiyar kanta ya kaɗe inda gammo ke zama, bai sake tsirowa ba. Ban taɓa jin ta kira wannan aiki wahala ba. Abin da take tunawa shi ne waƙoƙin da suke yi suna miƙa dutse, da gasar da ake yi tsakanin unguwa da unguwa, da ranar da ruwan farko ya sauka suka hau tudu suka tarar kowane rami cike da ruwa, suka yi ta guɗa. Rahotannin shirin sun ce cikin kusan shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an kuma farfaɗo da fiye da hekta 30,000. A rahotannin akwai sunayen ƙasashe da hukumomi da manyan ma’aikata, kuma sun cancanta. Sunayen matan ne babu, abin da ke ci mini rai ke nan. Yaran da ke kiwo yau ƙarƙashin bagaruwa a tuddan Keita, Ibohaman da Tamaske da yawansu sun ɗauka haka Allah ya halicci wurin.

A kwarin Majiya, wajen Buza, an riga Keita farawa. Tun 1975 aka soma dasa dogonyaro layi biyu-biyu, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100, da taimakon ƙungiyar CARE, don a tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Da farko ba kowa ya yarda ba. Akwai masu tsoron inuwa za ta cinye musu gona, akwai masu cewa in gwamnati ta dasa itace a gonarka gobe gonar ma tata ce. Dattawan da suka fara cewa a dasa a tasu, da masu gadin da suka yi ta faɗa da awaki har itatuwan suka fi ƙarfin baki, yawancinsu suna ƙasa yanzu. Wanda ya bi kwarin da rani ya ga layukan nan kore shar sun miƙe, aikinsu yake gani.

Mazan da suka tafi biɗa su ma ba hutu suka je ba. Abijan, Kamaru, Kano, Jos, Legas, daga baya Libiya: tebur na ƴan kayan masarufi, shayi, dako, ga-ruwa, gadi. Wanda bai iya rubutu ba sai ya sayi kaset ya ɗauki muryarsa, ya gaida kowa da sunansa tun daga maigari har jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa, ya ba mai zuwa gida ya kawo. A taru a tsakar gida a saurara, uwarsa na share hawaye, ba ta ko ambaton sunansa in ɗan fari ne. Ƙa’idarsu ita ce a dawo kafin shuka, da rediyo, da turmin atamfa, da kuɗin bodo. Wasu sun yi shekara 30 suna wannan kai da kawo. Wasu can aka rufe su, gida sai dai aka yi zaman makoki ba gawa.

Ba wahala kaɗai na sani game da su ba, kuma ba na son a tuna da su da ita kaɗai. Mutane ne masu wasa da dariya. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa kirana da sunana ba. “Maigida, ka zo hannu wohi? Ina cehwanen?” Ni kuma in ce, “Kaka, na sake ki, na samu amarya.” Ta jawo ni ta danƙa mini ƙuli-ƙuli daga bakin zanenta. Da yamma tana saƙar tabarmar kaba, irin wadda aka san Madawa da ita, yatsunta na tafiya ba ta ko duba su, bakinta na ba mu tatsuniya. Maza kuma suna dandali kan tabarmi, goro ɗaya a fasa shi gida huɗu, rediyo a tsakiya ana sauraren Muryar Sahel. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, in lokacinta ya zo ba mai jin kiran matarsa. A dandalin nan ake kashe rigimar iyakar gona da ta ɓarnar dabbobi. Tsoho ɗaya ya tashi ya taka ya nuna inda kakan wane ya binne dutse, magana ta mutu, ba a kai ta gaban kowa ba. Suna da nasu laifin, ba na musu. Sun aurar da ƴaƴa mata da ƙuruciya, da yawansu sun ɓoye yara a rumbu don kada a kai su lakkol. Amma maƙwabci bai kwana da yunwa suna da hatsi ba, kuma maraya bai rasa gidan da zai shiga ba.

Gwaggo ta rasu da sanyin bara. Aka yi mata sutura kafin azahar, aka kai ta, aka sa ƙaya bisa kabarin saboda dabbobi, ba allo ba rubutu, yadda ake yi wa kowa. Aka yi sadakar uku, ta bakwai da ta arba’in. Ƙawayenta na aikin dutse da suka rage suka zo, kowace da sandarta, suka zauna a ɗakinta. Da na shiga gaishe su, ɗaya ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗana, tudun da ke gabas ga garinku, mu munka yi shi, ni da ita. Ita ka haƙa, ni ka jera.” Na ce, “Inna, Allah ya saka muku.” Ta ce, “Amin. Ka hwaɗa ma ɗiyanka.”

Akwai wani fili da mijin Gwaggo ya yi watsi da shi tun farin 1973, fako ne fes, ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Yana cikin wuraren da aka yi wa kunyar dutse a zamanin shirin. Bayan arba’in aka zo rabon gado, sai ga shi duk cikin gonakin gidan ba wadda ƴaƴa suka fi so kamar ita. Sai da aka kira liman da dattawa biyu suka auna da igiya, domin kowa yana son gefen da ruwa ke kwanciya, inda gawo uku suka girma. Bana an shuka mata hatsi da wake.