Dami na Goma

A Fakuwa, lokacin da muke yara, kaka ba ta cika sai ranar da Baba ya tsaya a bakin rumbu yana ƙirga dammunan gero. Ni ne mai miƙo masa. Da zarar tara sun shiga, sai ya ce, "Wannan na goman kai shi gindin tsamiya, ba namu ba ne." Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, mu muka yi noma, mu muka yi girbi, to na wane ne?" Ya dube ni ya ce, "Haƙƙin mabuƙata ne da Allah ya ajiye a gonarmu. In ka ci, ka ci amana."

Sai bayan shekaru, da na kai ga karanta sharhin Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malam, na tarar da hukuncin a rubuce: amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma ake fitarwa, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala kuwa rabin haka. Ban yi mamaki ba, domin kafaɗata ta riga kaina sanin wannan babi.

Haka alwala ma. Inna ce ta fara riƙe mini buta, tana gyara mini gwiwar hannu idan ruwa bai kai ba. A bayanta na fara jin Fatiha da asuba, tun ban san babbaƙu da farfaru ba. Ranar da aka kai ni makarantar allo, ita ta dafa tawada, Baba ya fiƙe mini alƙalamin gamba. Duk Laraba sai ta ƙulla mini kuɗin malam a bakin riga, Alhamis da Juma'a kuma, da ake hutu, ta ce in biya mata abin da na wanke. Ba ta yi nisa a karatu ba, amma kunnenta bai taɓa barin kuskure ya wuce ba.

A 1976, da shirin ilimin firamare kyauta ya zo, wasu maƙwabta sun ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. Baba ya sa ni, ya ce wanda aka gina a gida iska ba ta kayar da shi. Da safe aji, da yamma allo, da dare wutar kara a tsakar makaranta.

Gwajin gaske ya zo da farin 1984. Geron bai kai nisabi ba, malam ya ce babu zakka a kanmu. Duk da haka Baba ya zaro dami ɗaya ya ce in kai wa wata gwauruwa mai marayu, bayan isha'i, kada kowa ya gan ni. Na tafi ina jin nauyinsa a ka, ina tuna rumbunmu da bai kai rabi ba. A daren nan na gane bambancin abin da aka wajabta da abin da zuciya ta saba.

Yanzu Islamiyyu sun cika Kankia da Kusada, wa'azi kuma yana cikin kowace waya. Alheri ne. Abin da ke damuna shi ne uban da ke ganin ya sauke nauyi da zarar ya biya kuɗin wata, ko ya ɗora ɗan shekara shida a mota zuwa wani gari ba guzuri. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya zargi malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ta kai karatu har cikin gidaje ta hannun 'yan taru, don ta san inda tarbiyya ke tsira.

Malam yana koyar da harafi da hukunci, amma yaro a fuskar iyayensa yake karanta ko da gaske ake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai gida ne ya fi kusa da shi.

Bana ma na je kaka da jikana. Na tsaya a bakin rumbu, yana miƙo mini. Da muka kai tara, na yi shiru ina jiran tambayarsa.