Takalmin gudu a ƙasar ƙarangiya

Takalman gudun da ke zuwa kasuwanninmu, babu ko ɗaya da aka ƙera da ƙasar Damargu a rai. Masu ƙera su suna tunanin mutumin da zai buɗe ƙofa ya taka kwalta, ya zagaya unguwa, ya dawo ya aje su a ɗaki mai sanyi. Mu kuwa a Tarka, kana fita ƙofar gida rairayi ne, ka ɗan yi gaba tsidau ne, in kaka ta yi kuma ƙarangiya ce ko ta ina. Kwaltar da muka sani ita ce babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Tanut ta nufi Agadas, ita ma ba a ƙofar gidan mutumin Belbeji take ba. Don haka abin da mai talla zai yaba maka a jikin takalmi, sau da yawa ba shi ƙasarmu ke tambaya ba.

Kuma gudu a wajenmu ba na rage ƙiba ba ne, wa ya tara ƙibar ma? Ka fita bayan sallar asuba ka ga su wa ke haki a bayan gari. Akwai ƴan brebe da ƴan bak da ke shirin jarrabawar wasanni, suna neman makin da zai tallafi na lissafi. Akwai waɗanda suka aje takardu suna jiran a buɗe ɗaukar soja ko jandarma ko gardi, sun kuma san kafin a dubi abin da ke kansu sai an dubi abin da ƙafarsu za ta iya. Irin wannan yaro in bororo ya fashe masa ana saura kwana uku gwaji, ko ƙaya ta shige masa dunduniya ta yi ruwa, shekara guda ce ta tafi. Kuɗin takalmin ma kowa ya san inda ya fito: tiyoyin hatsi ne aka auna daga rumbu, ko ɗan akuyar inna da aka kai kasuwa. Ba za a sake ba ka wasu ba in ka dawo ka ce ya yage.

To, me ƙasarmu ke nema? Rairayi da kansa katifa ne. Takalmin nan mai tudu, mai soso kamar burodi, an yi shi ne don ya tausasa dukan kwalta. A cikin rairayi sai ya ɗaga ka sama, ƙafa tana lilo, kana taka gefen rami sai targaɗe. Abin da ke wahala a rairayi shi ne agara da sharaɓa, saboda ƙasa tana zamewa duk lokacin da ka tura, kuma babu sosan da zai ɗauke maka wannan aikin. Matsakaicin kauri ya isa. Amma ƙasan takalmin dole ya kasance da roba mai tauri daga yatsu har dunduniya. Da yawa cikin na zamani, don a rage nauyi, sai a bar soso tsirara a tsakiyar tafi. Tsidau yana maƙalewa a nan kamar ƙudan zuma, ƙayar aduwa kuwa ratsawa take ta same ka. Sai saman takalmin. Ragar nan mai manyan idanu da ake cewa tana shan iska, a nan rariya ce: rairayi ya shiga, ya haɗu da zufa, ya dinga gurzar yatsu har fata ta tashi. Ka ɗaga takalmin saitin rana. In kana hango haske ta cikin ragar sosai, rairayi ma ya ga hanya.

Wanda ya shiga kasuwa da jika biyar ko bakwai a aljihu, abu uku zai tarar: sabo fil mai babban suna, bosho, da na roba.

Sabon shi ya fi jan ido, kuma shi na fi tsoro. Takalmin Nike ko Adidas na gaskiya, sabo a kwali, ba a sayar da shi jika biyar ko a garin da aka yi shi. In ka gan shi a wannan kuɗin, sunan kawai ka saya. Ban ce duk na jabu ba ya da amfani ba. Don zuwa suna ko yawon sallah ba laifi. Amma ka ɗauke shi ka murɗa kamar mai matse wanki, za ka ji ya bi hannunka ba gardama. Ka cire shimfiɗar ciki ka duba, sau da yawa kwali ne a kan ramuka. Gam ɗin da aka manna shi da shi ba ya jure zafin bazara. Wani abokin gudunmu ya saye irinsa, ja wur, kowa na taya shi murna. Mako na uku muna dawowa daga wajen rijiya sai takalmin ya buɗe baki kamar kada, ya ƙarasa gida da shi a hannu. Araha dai ba ta ado, kuma ba ta gudu.

Bosho shi ne zaɓina, amma fa bosho caca ne ga wanda bai iya dubawa ba. Waɗannan takalma na asali ne, sai dai wani ya riga ka cin rabonsa a Turai ko Amurka, kuma ba za a faɗa maka nawa ya ci ba. Masana harkar gudu sukan ce sosan takalmi yana mutuwa bayan kilomita 500 zuwa 800. Mai gudun kilomita biyar sau huɗu a mako, wata shida zuwa tara ke nan. Takalmin da ya cinye wannan tafiyar yana iya zama fes a sama, mai shago ya wanke shi da omo ya goga masa farin alli, alhali cikinsa gawa ne.

Ga yadda nake yi, kuma wajen yayana da ya daɗe yana sayen kayan bosho a Kasuwar Dole ta Damagaram na koya. Kada ka fara da sama, juya shi. Zanen da ke ƙasan takalmin in ya shafe ya zama sumul kamar tafin hannu, musamman a gefen dunduniya, mayar da shi. In zanen yana nan, aje takalmin a wuri mai daidai, ko a kan bencin mai shago, ka tsuguna ka dube shi ta baya. Ya tsaya cak ko ya karkata? Wanda ya karkata ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, kuma zai tilasta wa ƙafarka ta bi wannan karkatar, gwiwa ce za ta biya. Daga nan ka danna sosan gefe da babban yatsa. Mai rai yana turo yatsanka baya. Matacce ko ya yi tauri kamar busasshen tuwo, ko ka ga ya yi tamoji layi-layi. Ka matsa bayan dunduniya, in ya lanƙwashe kamar tsumma ba zai riƙe ƙafa ba. Ka lanƙwasa takalmin: wajen yatsu ya kamata ya karye, ba tsakiya ba. Sannan ka haɗa ƙafa biyun ka karanta lambar da ke ƙarƙashin harshe. A cikin dila ana haɗa dama da hagu waɗanda ba uwarsu ɗaya ba, launi ɗaya, lamba daban. A wannan ƴar takardar ma wasu kamfanoni suna buga shekarar da aka ƙera shi. Wanda ya shekara goma, ko ba a taɓa sa shi ba, gam da soso sun tsufa.

Mai shago zai ce maka, “Ɗan samari, wannan fa na ƴan wasa ne, dubi suna.” Ka ce masa, “Baba, na gani, bari dai in taka.” Ba rashin kunya ba ne ka sa takalmi ka ɗan yi sassarfa a gaban rumfa. Kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta tashar Kwatano suka koma dogon zagaye, bosho ma ya daina zama na banza. Sai ka yi ciniki da haƙuri, ka tafi ka dawo.

Maganar lamba ita ce inda aka fi cutuwa, saboda mu mutanen Tarka aike muke yi. Wani zai tafi Damagaram ko Kano, a ce masa, “In ka je Ƙofar Wambai ka sayo mini 42.” To 42 na wane kamfani? Ba su zo ɗaya ba. Kuma ƙafar da ta girma cikin silifa da balka tana da faɗi, yatsunta a baje suke, takalman Turai kuwa da yawa masu tsinin baki ne. Zuwa da kai ya fi aike. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin a samu faɗin babban yatsan hannu. In ya matse, kada ka yarda da “zai buɗe”. Na fata ne ke buɗewa. Wannan farce zai baƙanta maka ya cire. In aiken ya zama dole, taka takarda ka zana ƙafarka a tsaye, ka yanke, ka ba ɗan aiken ya zura a ciki. Ƴan'uwanmu mata sun fi mu shan wannan wahalar, don galibi ba su ke zuwa kasuwar ba, sai a kawo musu mai kyan launi. Ga shi kuwa a bosho ƙananan lambobi sukan fi samuwa da sauran rai.

Na roba fa, wanda muke buga ƙwallo da shi? Kada kowa ya raina shi. Ƙaya ba ta cika ratsa shi ba, ƙarangiya ba ta kama shi, ka zuba masa ruwa ya koma sabo, in ya tsinke a ɗora wuƙa a wuta a liƙe. Wanda ba shi da jika biyar, ya sa safa mai kauri ya yi gudunsa na rairayi da shi da sassafe. Illarsa biyu: in rana ta ɗaga yana dafa ƙafa, kuma a kan burji ko kwalta duk dukan a ƙwauri yake sauka.

Kullum aka yi wannan hirar sai wani ya kawo Abebe Bikila. Gaskiya ne, ɗan Habasha ya ci gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a Roma a 1960 ba takalmi, cikin awa biyu da minti goma sha biyar. Amma masu ba da labarin suna mantawa a Tokiyo a 1964 da takalmi ya sake ci, kuma ya fi sauri. Sannan titunan Roma babu tsidau. Wadda ta fi kama da mu ita ce Lorena Ramírez, ƴar ƙabilar Raramuri ta ƙasar Meziko, wadda ta ci tseren kilomita 50 a kan duwatsu a 2017 sanye da takalmin da aka yanka daga taya, irin wanda makiyayanmu ke bin raƙuma da shi. Sai dai ita a cikinsa ta tashi. Ƙafar ɗan lise da ta saba zama ƙarƙashin tebur ba za ta koma ta makiyayi cikin wata guda ba.

A ɗaya gefen kuma akwai masu kallon waya suna haɗiyar yawu. Takalmin da Tigist Assefa ta kafa tarihi da shi a Balin a 2023, kamfanin Adidas ya sa masa dala 500, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sayen alewa ba. Wajen jika ɗari uku ke nan, kuma don tsere ɗaya aka yi shi. Ƙarangiyar bayan Belbeji za ta gama da shi kafin a sha kokon safe.

Nawa takalmin toka-toka ne, sunan ma ya goge, jika shida na saye shi bayan na juya fiye da goma. Ranar da na kawo shi ban sa shi ba, wajen baduku na fara kai shi ya bi gefensa da zare ya ɗinke, dala arba'in. Gam zai saki ko ba daɗe, zare ba ya saki. Ba na zuwa makaranta da shi, ba na zuwa gona, ba na buga ƙwallo. In ƙanena ya miƙa hannu sai in nuna masa na roba. In na dawo gudu nakan cire shimfiɗar in kakkaɓe rairayi, in bi ƙasan da tsinke in fidda ƙayoyi kafin su nutse, in aje shi a inuwa. Shanya takalmi a kan kwano da rana tsaka kashe shi ne. Da asuba kuma kafin ka zura ƙafa ka buga shi ƙasa, kunama tana son irin wannan ɗakin.

Wanda gwajinsa ke tafe a Tanut ko Damagaram, ƙasar da zai taka can ba lallai ta zama irin ta gida ba. Ya nemi hanyar burji ya riƙa hawanta sau ɗaya ko biyu a mako, kaɗan-kaɗan, don ƙwauri ya saba da tauri. Kuma takalmin da zai shiga gwajin da shi, ya kasance ya yi aƙalla wata guda a ƙafarsa.