Ruwan Togo, fitilar Jugu

Kusan shekara talatin ke nan ina saro atamfa a babbar kasuwar Lome ina kaiwa Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, inda iyalina suke zaune. Na bi ta Atakpame ya fi a ƙirga, amma ban taɓa ratsewa in ga madatsar ruwa ta Nangbeto ba sai a wannan karon, shi ma don motarmu ta lalace ne, bakanike ya ce sai gobe. Mai masaukina a zango ya ce, "Alhaji, maimakon ka zauna kana ƙirga asara, tashi mu je ka ga inda wutar firizar Hajiya take fitowa." Na ɗauka zolaya ce. Ina ruwan Togo da firizar da ke Benin?

Muka hau babur muka nufi gabas, tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai. Ƙura kam mun sha ta. Sai ga tafki shimfiɗe har iyakar ganin ido, ga jiragen masunta, ga mata suna ƙyafa kifi a bakin ruwa. An ce akwai dorina a ciki. Ni dai ban gani ba, ban kuma matsa sai na gani ba.

Kogin sunansa Mono. A can ƙasa, kafin ya faɗa teku, shi ne iyaka tsakanin Togo da Benin. A 1968 ƙasashen biyu suka ga kowaccensu ta yi ƙanƙanta ta ɗauki nauyin lantarki ita kaɗai, sai suka kafa hukuma ɗaya ta haɗin gwiwa, CEB, mai hedikwata a Lome. Da farko ba su da madatsa ta haɗin gwiwa, sayen wuta suke yi daga Akosombo ta Ghana su raba. A 1987 Nangbeto ta fara aiki da injuna biyu, masu ba da kimanin megawat 65. A da ita hukumar sari take yi, kamar yadda nake ɗauko dila in raba wa 'yan kiri. Kamfanin wuta na kowace ƙasa shi ke karɓa ya kai gidaje ya bi kuɗinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne manyan turakun ƙarfe da suka tashi daga nan suka yi arewa. Layin ya bi ta Kara, ya tsallaka iyaka ya shiga Jugu, ya zarce Parakou. Kafin a ja shi, garuruwan arewa da manyan injunan gas suke dogara, mai kuwa sai an ɗauko shi a tanka tun daga bakin teku. Wanda ya zauna Jugu a wancan lokaci ya san yadda ake kwana da mafici. Yau garuruwan duk daga tukunya guda suke ci. Na tuna kakanninmu fataken goro ta Jugu suke bi da jakuna zuwa Gwanja, ba su san wata iyaka ba. Ga waya ma ba ta tsayawa a shingen kwastan. Ni kuwa da dilata sai na sauka, na nuna takarda, na jira.

Kada mai karatu ya ɗauka komai zuma ne. Tukunya guda in ta ƙone, kowa da yunwa zai kwana. A 1998 fari ya sa ruwan Akosombo ya ja baya, Lome da Kwatano suka shiga duhu tare, wata da watanni. Ina Lome a lokacin. Telan da ke ɗinka mini samfurin da nake nuna wa mata ya koma keken ƙafa, masu ƙanƙara suka rufe, farashin kyandir ya tashi. Bayan haka ne aka ƙara neman wata ƙofa, har a 2007 aka haɗa layi daga Ikeja ta Legas zuwa Sakete. Ƙofa biyu ta fi ɗaya, kowane ɗan kasuwa ya san wannan. Sai dai 'yan uwanmu na Nijar sun ga ɗaya fuskar a Agustan 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya bayan juyin mulki. Rikici na manya, amma mai sayar da ruwan sanyi a Yamai shi ya ji a jikinsa.

A bakin tafkin na zauna da wani dattijo yana gyaran koma. Da Hausarsa ta kasuwa ya nuna mini tsakiyar ruwa ya ce gonar mahaifinsa tana can ƙasa. Dubban mutane aka tayar kafin ruwan ya cika. Na ce, "Baba, to wutar fa, ta iso gidanku?" Ya yi dariya, ya nuna ƙaramin faranti na sola a kan rufin bukkarsa. Da shi yake cajin waya. Mutanen ƙasan kogi, wajen Athieme, nasu kukan daban ne: in damina ta yi ƙarfi aka saki ruwa, gonakinsu ke sha. Wannan bashi ne da ba ya fitowa a takardar kuɗin wuta, mu da ke cikin gari kuwa ba mu cika tunawa da shi ba.

Da yamma na kira gida. Uwargida ta ce akwai wuta tun safe, zoɓo da kunun aya sun yi ƙanƙara, yara sun fita da su tasha. Da wannan cinikin take biyan kuɗin makarantar autarmu, ba ta jiran dilata ta ƙare. Na ce mata ga ni tsaye a bakin ruwan da ke taya ta sana'a.

Ta ce, "To Alhaji, ka gaishe shi. Ka kuma taho mana da busasshen kifi, in da sauƙi."

Na saya na jaka biyu. Washegari bakanike ya ce sai jibi.