Yini guda a Ƙofar Ruwa: cinikin da ban yi ba

Daga Kwanar Dangora motata ta fara nuna gajiya. Ƙirar Japan ce ta shekarar 2001, 'yar Kwatano, kuma ta daɗe tana kai ni Kano daga Zariya ba tare da gardama ba. A ranar kuwa, duk lokacin da na taka totur don in wuce tirela sai ta yi kamar an riƙe mata wuya. Da ƙyar na isa gari. Washegari wani yaron gareji ya ce mini maganin abin ɗaya ne: in je Ƙofar Ruwa in sayo regileta irin ta 'yan tsere, mai agogo a jiki, wadda ake murɗawa a ƙara wa inji mai. Ya rantse cewa motar za ta koma yarinya.

Wanda bai taɓa shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ba zai ɗauka sunan ƙofar ganuwa ne kawai a arewacin birni, can ɓangaren Dala. Amma wuri ne da ƙarfe ke da daraja. Ga rodi da kwanon rufi a gefe guda, ga injuna da giyabos jibge kamar buhunan hatsi a ɗaya gefen, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ƙarar guduma ba ta yankewa sai lokacin salla. Yara 'yan kamasho suka tare ni tun daga bakin hanya, kowa na cewa shagon ubangidansa ne ke da na asali. Na sha mamakin yadda yaron da bai gama firamare ba zai kalli guntun ƙarfe ya faɗi motar da aka ciro shi da shekarar ƙirarta. Mu a jami'a da mun kira wannan ƙwarewa, mun ba ta takarda.

Na samu abin da aka aiko ni nema. Ja ne, yana walƙiya, da ɗan agogonsa da kusar murɗawa a ka. Gaskiya ya shiga raina. Ina cikin taya shi sai wani dattijon makanike da ke zaune a benci ya ce, “Malam, me motar ta yi maka?” Na faɗa masa. Ya ce, “Kafin ka biya, bari mu ji daga bakinta.”

Aikin regileta ba shi da wuyar fahimta. Famfon da ke cikin tanki yana turo fetur zuwa bututun da nozuloli ke jere a kansa. Regileta tana ƙarshen bututun, da sifirin da fatar roba a cikinta, tana tsayar da matsin man a ma'aunin da masu ƙira suka zaɓa, wanda a yawancin motoci irin tawa bai yi nisa da bar 3 ba. Rarar man kuma ta mayar da shi tanki. Ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Ƙarfin inji yana fitowa ne daga iskar da ya shaƙa, fetur kuma yana bin iskar da lissafi: kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a nauyi. Idan iskar ba ta ƙaru ba, ƙarin mai ba ya da abokin ƙonewa.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa. Man da ke fita daga nozul ba ya ƙaruwa daidai da ƙarin matsi. Wanda ya ɗaga matsi daga bar 3 zuwa 4, wato ya ƙara sulusi, abin da zai samu ƙarin mai ne na kusan kashi 15 cikin ɗari kawai. Wannan ɗin ma ƙwaƙwalwar motar ba za ta bar shi ba. Akwai na'ura a jikin salansa da ke auna iskar da ta rage a hayaƙi. Da zarar ta nuna mai ya yi yawa, sai ƙwaƙwalwar ta rage tsawon lokacin da nozul ke buɗewa. A tafiyar yau da kullum, ke nan, mutum ya biya kuɗi ne don motarsa ta warware abin da ya ƙulla. Sai in ya taka totur har ƙasa, ko inji bai yi zafi ba, rarar man take wucewa, ta baƙanta fulogi, ta dafa abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi.

Ban ce kayan banza ba ne. Wanda ya ɗora wa injinsa turbo, ko ya sa manyan nozuloli da babban famfo, yana bukatar regileta da zai iya saitawa, tare da wanda ya iya sake tsara ƙwaƙwalwar motar. Mu nawa ne a wannan sahu? Motoci da yawa da suka biyo bayan tawa ma regiletarsu tana cikin tanki tare da famfo, babu bututun mayar da mai da za a ɗaura wata a kai.

Dattijon ya buɗe bonet, ya zare siririn tiyon da ke kan tsohuwar regiletata ya sunsuna. Babu warin fetur, alamar robar ciki ba ta fashe ba. Ya ɗaura agogon awo: a tsaye matsin lafiya lau, amma da ya ja totur sai allurar ta faɗi. Ya dube ni ya ce, “Malam, kana yawan tafiya a rizab ko?” Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, rabon da in cika tanki har na manta, kuma ba ni kaɗai ba ne a cikin abokan aikina. Fetur ɗin da ke tanki shi ne ke sanyaya famfo; in kullum yana ƙasa, famfon na shan zafi. Da aka ciro nawa, rariyarsa ta toshe da laka, shi kansa ya kusa gamawa. Da na sayi jar regileta, da na matsa wa famfon da ya riga ya gaza ya ƙara ƙoƙari, wataƙila ya mutu mini a daji tsakanin Kura da Kwanar Dangora.

Mai shagon bai ji daɗi ba, amma da yake yana da famfo, cinikin bai kuɓuce masa ba. Na ce, “Baba, nawa ne ladan awo?” Ya ce in ba yaransa na abinci. Da la'asar na kama hanyar Zariya, na tsaya a gidan mai na sha rabin tanki, abin da aljihu ya iya. A hawan farko na wuce tirela biyu a jere.